Kusurwar Tsani

Da hannun hagu Malam Sa'idu ya koma gaban allo. Na daman ya tafi da ciwon shanyewar ɓarin jiki da ya kwantar da shi tun kafin azumi. Bilkis, autarsa, ita ta ɗauko allon daga bayan ɗakin girki, ta wanke, ta jingina shi a rumfar mota, inda ya saba koya wa yaran unguwar Federal Low-Cost lissafi bayan la'asar. Ita ta bi gida-gida tana cewa Baba ya samu sauƙi, a turo yara.

Jarrabawar Wayek ta matso, ita ma tana cikin masu zanawa, amma ba wannan ne ya dame ta ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, ba abin da ke tayar da shi zaune sai maganar lesin. Ta san in lesin ya mutu, ba zai ƙara fitowa tsakar gida ba.

Biyu kawai suka zo: Jesse ɗan maƙwabta, da Suhaib da ke zuwa daga unguwar Bolari.

"Malam, ya jiki?" in ji Suhaib. "Wallahi tun da ka kwanta lissafina ya kwanta."

"Naka dama yaushe ya taɓa tashi?"

Maganar ta fito a karkace, amma ta fito. Suka yi dariya, Bilkis ta fi kowa.

Malam ya zana bango a allon, ya jingina masa tsani.

"Tsani mita huɗu. Kansa ya taɓa bango a mita biyu daga ƙasa. Wace kusurwa ya yi da ƙasa? Da sayin na tirigonometiri, kai ke ba da kusurwa, a ba ka lamba. Yau lambar ce a hannunmu: biyu bisa huɗu, rabi. Sai mu tambaye ta, daga wace kusurwa kika fito? Wannan tambayar ita ce sayin inbas."

Bilkis ta saki ajiyar zuciya. Baban nan ne dai.

Ya rubuta alamar sayin, da ɗan mainos ɗaya a kafaɗarta, da rabi a gaba. Sai ya sauko layi na biyu ya raba ɗaya da rabi. Ya rubuta biyu, ya ja layi a ƙarƙashi.

Bilkis ta gane nan take. Kuskuren 'yan aji huɗu na sakandare ne, su ga mainos ɗayan su ɗauka kifar da lamba ake nufi. A wannan rumfar ya sha jan kunnen yara a kansa. Ta sunkuya ta kwafi biyun, sannan ta nemi idon Jesse don ta roƙe shi ya yi shiru. Kansa na kan kalkuleta.

"Sa, ni talatin ta ba ni," in ji Jesse.

"Taka ta lalace."

Suhaib ya danna tasa, ya dubi Bilkis, ya sosa ƙeya. "Tawa ma haka, Malam. Amma kalkuletocin yanzu duk jabu ne."

"Bilkis, ke fa?"

Da ta ce biyu, da ya yarda. Amma da amsar nan yaran za su shiga ɗakin jarrabawa, kuma sunansa za su kira in an tambaye su wa ya koya musu.

"Talatin ne, Baba."

Ya juya ga allon, ya daɗe yana kallo.

"Digiri biyu," ya ce a hankali. "Tsanin da ya yi digiri biyu ai kwance yake a ƙasa."

Ya ɗaga hannu zai goge, allin ya suɓuce. Bilkis ta sunkuya ta ɗauke shi.

"Gajiya ce, Baba. Gobe sai mu ci gaba."

"Ba gajiya ba ce. Na rubuta, na duba, na ga daidai ne. Abin kenan."

Ya lallaba ya zauna a benci.

"Ku tafi wurin Malama Jennifer, gidan ƙarshen layi. Ku ce ni na turo ku. Ku tafi mata da allon, nata ƙarami ne."

"Sa, ka yi haƙuri," in ji Jesse.

"Haƙurin me? Talatin ne. In ta fito a jarrabawa, ka rubuta talatin."

Yaran suka kama allon, ɗaya a kowane gefe. Bilkis ta tsaya kusa da bencin.

"Ke ma bi su," ya ce, bai dube ta ba. "Kina da jarrabawa."

Ta bi su. A bakin ƙofa Suhaib ya tsayar da Jesse, suka juya fuskar allon wajen katanga, don kada mutanen layi su karanta.