Ta'aziyyar Ɗan Ramatou

Hajiya Yalwa ta je Guangzhou ta ƙasar Sin sarin kayan yara ne, tun lokacin da hanyar ta fara buɗe wa mutanenmu. Ranar nan suna cin abincin rana a unguwar Liwan, ita da wasu 'yan kasuwa, sai Alhaji Ghali ya ɓalle da zance. Shi Ghalin nan kwalaben maganin ƙarin ƙarfi yake sara, ga baki kamar rediyo.

"Allurar rigakafin nan ce ke ƙarar mana da yara," in ji shi. "Ga Ramatou ta Maraɗi mai sarin jakunkuna. Da safe aka tsira wa ɗanta, kafin la'asar an kai shi makwanci. Ku dai ku riƙe kwalbata, ta wadatar."

Yalwa ta ajiye cokali. Ranar Litinin 'yarta Firdausi za ta kai jikanta rigakafin ƙyanda a Kano. Ta ƙudura za ta buga waya ta hana.

To amma kun san halinmu, ba a jin mutuwa a wuce. Ramatou kuwa masaukinsu ɗaya, hawa ɗaya ne tsakani. Yalwa ta yafa mayafi ta hau gaisuwa.

"Ashe abin da ya same ki ke nan, 'yar'uwa? Allah ya ba da haƙuri. Allah ya isa tsakaninki da masu allurar nan."

Ramatou ta ajiye jakar da take dubawa. "Wace allura, Hajiya?"

Yalwa ta maimaita mata abin da ta ji.

"Ɗana Kallamu? Allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Ubansa ya hana. Ƙyanda ce ta kama shi, ta sauka a ƙirji. Yayarsa da na faki ido na kai aka yi mata, tana can tana cin tuwonta." Ta share ido da bakin zane. "Ghali ya sani sarai. Har gida ya zo mana gaisuwa."

Yalwa ta miƙe tsaye. Kai jama'a! Mutum ya zauna a tabarmar makokinka, ya ci gumbar sadaka, sannan ya ɗauki gawar ɗanka yana talla da ita? Tir!

Ta sauka wurin wayar otal, ta yi ta bugawa har aka samu Kano.

"Firdausi, Litinin ki kai mini maigidana allurar nan. Da sassafe, kin ji ko?"

Tana juyowa sai ga Ghali da kwali a kafaɗa.

"Hajjaju makkatu! In ware miki na jikokin?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta tattare mayafinta kada ya shafi kwalin, ta wuce.