Rangok a Gindin Yang

Shekara ashirin ina tuƙa tasi a Bangkok, da na gaji na koma ƙauyenmu a lardin Roi Et. Dajin da muke tsintar rangok muna yara ya zama gonar rogo. Rangok laimar kwaɗi ce da ake miya da ita, mai ruwan gwaiduwa, kuma ita nake mafarki duk zamana a birni.

Na cika buhuna da ƙurar katako na jera a ƙarƙashin gidanmu da ke kan turaku, na zuba gutsattsarinta don ta tsiro. Wata biyu, sai wari.

Yayata Khampong ta leƙo tana toshe hanci.

"Thongsuk, birni ya cinye maka ƙwaƙwalwa. Ita wannan ba ta zaman haya. Da saiwar itacen yang take rayuwa, ta janyo masa ruwa, shi ya ba ta abinci."

"To Yaya, ina itatuwan?"

"Hannunka ya karye ne? Shuka."

Muka dasa talatin a bayan gonar shinkafarta. Ta sayo tsofaffin rangok da suka fara lalacewa a kasuwa, ta dama su a bokiti, muka bi kowane dashe muna kwarara masa a saiwa. Masu wucewa suka ce mun fara ba itace miya.

Damina huɗu ba mu ga komai ba. Gwiwoyin Yaya suka ƙi, ta daina zuwa gona.

A ta biyar, aka kwana uku ana yayyafi. Da safe na fita, hazo kwance tsakanin itatuwan, yanzu sun fi ni tsawo nesa. Sai na ga rangok, sun ɗago busassun ganye, wasu na fasowa daga farin ɓawo kamar ƙwai, wasu sun buɗe. Na daɗe a tsaye ina tsoron in motsa su ɓace.

Na koma na goyo Yaya. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Na sauke ta a gindin yang, ta shafa rangok ɗaya da bayan yatsa, sannan ta kwanta ta kara kunne a ƙasa, idonta a rufe.

"Me kike ji?" na tambaya a hankali.

"Tururuwa ce ke shiga min kunne, wawa. Ɗaga ni."

Muka tsinci rabin kwando. Ta sa ni daka barkono, ita ta jiƙa shinkafa mai danƙo tana waƙa ƙasa-ƙasa.