Takalmin da Ba Ya Ciruwa

Tun daga garinsu Tutukudi aka yi wa Sellammal ƙarya, kuma da murmushi aka yi mata ita. Mutumin ofishin tafiye-tafiye ya dubi ƙafarta ta hagu da shan inna ya shanye tun tana yarinya, ya dubi ƙarfen da ke riƙe da ita daga cinya har ƙasa, ya kira ta Paati, wato kaka, ya ce, "Paati, ko matakala ɗaya ba za ki taka ba. Daga jirgin ruwa sai mota, daga mota sai ƙofar ɗakin bauta." Ɗanta Kadiresan da ke aiki a Dubai shi ya shirya komai ta waya. Ya ce bai samu hutu ba, amma kada ta damu, ai cikin mutane za ta tafi.

Cikin mutane! Jirgin ya fi unguwarsu girma, amma kowa da nasa ya zo. Teburin da aka ba ta, daga ita sai kujeru. Ana kiɗa a sama, ana wanka a wani kududdufi, ita tana zaune tana kallon teku da jakarta a cinya. Ba rawa ta kawo ta ba. Kwakwa ce a jakar.

Shekarun baya, jirgin katakon da mijinta Arumugam ke aiki a ciki ya ɓace a teku. Ta yi alwashi in ya dawo za ta tsallaka Sri Lanka, ta fasa kwakwa da hannunta a ɗakin bautar nan na kan dutse, wanda matuƙa ke hangowa daga ruwa. Ya dawo. Sai yaƙi ya toshe hanya, sai 'ya'ya, sai babu. Arumugam ya mutu ya bar ta da alwashin a wuya.

Ranar da jirgi ya tsaya, gadar sauka kaɗai ta ishe ta. Motar ma da nata matakalan. Tana hawa tana tsine wa mutumin ofis, jama'a a bayanta suna tsaki. Daga inda mota ta tsaya kuma sai hawa, ta tsakanin rumfunan masu tsaraba, bareyi na yawo cikin mutane kamar awaki. Jagoransu, wani mai tumbi da ake kira Nimalan, yana gaba da lema ja a ɗage don a bi shi. Ko waiwaye bai yi ba.

Ta iso ƙofa ta tarar kowa ya tuɓe takalmi. Mai tsaron ƙofa ya nuna ƙafarta.

"Paati, takalmi."

Ta cire na dama. Ya nuna na hagu.

"Wannan ba ya ciruwa. Da ƙarfen aka haɗa shi."

"Fata ce, Paati. Fata ba ta wuce nan."

Ba ta ga laifinsa ba. Ita ma ba za ta shiga gaban abin bauta da fata a ƙafa ba, ba a haka aka tashe ta ba. Nimalan ta juya wa.

"Tambi, ɗan ƙanena, zo nan. Ba ku san ana tuɓe takalmi a ɗakin bauta ba? Jiya aka fara?"

"Paati, ni jagora ne kawai, ba ni na sayar miki da tikiti ba. Ga inuwa, ki zauna ki huta. Zan ɗauko miki hoto mai kyau."

"Hoto na yi wa alwashi?"

Ya riga ya ɗaga lemarsa. Wata mata mai suna Revati, wadda ko gaisuwa ba ta taɓa yi mata ba a jirgi, ta matso da fara'a ta ajiye takalmanta a gabanta. "Tunda kina zaune, Paati, ɗan duba mana. Sababbi ne." Kafin Sellammal ta buɗe baki, sauran ma sun turo nasu. Suka shige suka bar ta da tarin takalma.

Ta zauna. Daga ciki tana jin ƙararrawa da ƙamshin turare. Wata barewa ta zo ta shinshina jakarta ta wuce. Teku ta tsallako don ta yi gadin takalman mutanen da ba su san sunanta ba.

Ta sunkuya ta fara kwance maɗauran. Ba ta taɓa cire ƙarfen nan a gaban mutane ba, ko Arumugam sai ta juya masa baya. Ta zare ƙafar, siririya kamar muciya, ta jefa ƙarfen a kan takalman Revati. Ta ƙulle kwakwar a bakin zanenta, ta goya ta a baya, ta sauka ƙasa.

"Yanzu fa?" ta ce wa mai tsaro.

Ya kauce mata a hanya.

Daɓen ya ɗau zafi kamar kasko. Ta dafa hannu ta ja jiki, ta sake dafawa ta sake ja. Matakala ta hau su da baya, ɗaya bayan ɗaya, tana ɗaga ƙafar da hannu. Ƙafafun mutane na ratsa ta dama da hagu. Wani ya saki kwabo a cinyarta, ta wurga masa abinsa a ƙeya.

Ba ta kai rabi ba ta ga lema ja tana saukowa.

"Paati!" in ji Revati. "Takalmanmu fa? Wa kika bar wa?"

"Na bar wa barewa."

Nimalan ya duba agogo, gumi ya karyo masa. "Paati, don Allah. Jirgi ba ya jiran kowa. Kawo kwakwar in ruga in fasa miki."

"Kai ne mijinka ya ɓace a teku?"

"To in ɗauke ki."

"Ɗazu da nake zaune ba ka da hannu? Jirgin ya tafi mana. Ka je ka ce musu ka bar gurguwa a ƙasar mutane. In ba za ka iya ba, riƙe min lemar nan, ka yi tafiyata."

Haka aka yi. Ita tana jan jiki, shi yana gefenta da lema, ba takalmi, yana ɗaga wannan ƙafa yana sauke waccan don zafi. Ba ta ƙara sauri ba ko kaɗan.

Dutsen fasa kwakwa yana bakin gaɓa, teku na can ƙasa. Ta jefa daga zaune, kwakwar ta yi tsalle ta gangara. Nimalan ya tsinto. Ya ɗaga hannu zai buga, ta daka masa tsawa. Ta kama ƙarfen shinge ta miƙe a kan ƙafa ɗaya, ta ɗaga kwakwar ta maka ta da duk abin da ya rage mata. Ta tsage biyu, ruwan ya fantsama.

"Maigida, na sauke," ta ce a hankali, don har ya mutu ba ta taɓa kiran sunansa ba.

Ta ɗan saurara. Ba abin da ta ji sai ruwa na dukan dutse.

Da ta sauko ta maida ƙarfenta ta shiga mota, ba wanda ya dube ta. Revati na ƙorafin ƙarfe ya karce mata takalmi. Sellammal ta riƙe hannun rigar Nimalan.

"Ka faɗa musu. Ka ce ƙarya aka yi min."

Ya ɗauki abin magana, ya gyara murya, ya ce yana ba kowa haƙuri saboda jinkirin da aka samu.

Jinkiri. Sunan da suka sa mata ke nan.

Ta laluba wayarta, ta danna inda hoton Kadiresan yake. Ta yi ta ringi har ta katse. Tafin hannunta duk ya yi bororo. Kujerar gefenta ba kowa, sai ta ɗora ƙafar ƙarfen a kai. Mutumin ofis bai san da wa ya yi ba. Tana sauka Tutukudi, a kan teburinsa za ta kwance ƙarfen nan, gaban masu sayen tikiti, kuma ba za ta ɗaura ba sai ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi mata.

Ta ɓanɓari ɗan farin kwakwar da farce. A gida in an fasa kwakwar alwashi, rabawa ake yi, kowa ya ɗanɗana. Ta duba gaba, ta duba baya, ta sa a bakinta.