Ranar da Aka Hau da Kansila Bene

"Ba inda za shi," in ji Auta. Ta tsaya a bakin ɗakin mahaifinta, hannu ɗaya a kan ƙyaure. "Ku da idonku kun gan shi. Mutumin da ruwa ma sai an ba shi a cokali?"

Ina bayanta riƙe da kwanon ruwan ɗumin da zan gasa wa tsohon ƙafa, ruwan yana ta hucewa a hannuna. Baƙin su biyu ne, duk kansiloli: Mai Kemis, matar da ke wakiltar unguwar kasuwa, da wani da muke kira Dogon Tasha. Tun da safe suka zo, kuma ba dubiya ce ta kawo su ba, ko da yake da "yaya jikin" suka fara.

Baba Kansila maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Ya daɗe a majalisar ƙaramar hukuma har sunansa na gaskiya ya ɓace, jikokinsa ma Kansila suke ce masa. Ciwon zuciya ne ya kayar da shi, ƙafafunsa suka kumbura. Likita ya sallamo shi gida da maganar da duk muka gane inda ta dosa: a bar shi ya huta, a ba shi abin da ransa ke so.

Yana kwance a asibiti majalisa ta amince a gina rukunin gidaje a kwarin da ke bayan layinmu. Kwarin nan kuwa shi ne makwancin ruwa. In an tafka ruwan sama can yake gangarawa ya kwanta har ƙasa ta shanye, shi ya sa ba ya shigo mana ɗaki. A cike wurin a ɗora bulo, ruwa ba sama zai koma ba, hanya zai nema. Wasu 'yan kansiloli suka ce ba su yarda ba, a dakatar a sake dubawa. Sai dai dokar majalisar ta ce irin wannan ƙalubale ba ya karɓuwa sai masu shi sun kai adadi, kuma kowannensu ya zo da kansa, ya zauna a kujerarsa, ya ɗaga hannu. Ba saƙo, ba waya, ba wakili. Mutum ɗaya ya rage musu su cika, kuma shi ne kwance a bayan ƙyauren da Auta ta tare. Zaman a ranar ne da azahar. In ya wuce, motocin zuba ƙasa za su shiga kwari.

Mai Kemis ta yi ta lallashi da muryar da take sayar da magani mai ɗaci. Dogon Tasha ya ce motarsa har bakin ƙofa, a je a dawo kafin a ce kwabo. Auta ta tambaye su, in numfashinsa ya tsaya a hanya, wane ne a cikinsu zai iya kallon idonta.

Daga cikin ɗaki muka ji muryarsa, can ƙasa. "Auta, ba su hanya. Ciwon bai taɓa min kunne ba."

Muka shiga. Ya sa aka tashe shi zaune, aka tara masa matasai a baya. Ya ce a goge masa rigarsa mai ruwan toka. Auta ta durƙusa a gaban gadon tana kuka ba sauti, ya dafa kanta.

"Kwanciyar nan da nake yi ba warkewa nake jira ba. Kin sani, na sani," ya ce. "Abin da kike tsoro, ko a kan gadon nan zai same ni. Bari ya same ni na yi wani abu."

Ni kuwa gaba kura ce baya sayaki. Maigidana magini ne, kowa ma Magini yake ce masa, kuma ɗan kwangilar da aka ba aikin kwarin ya yi masa alkawarin shugabancin magina. Wata da watanni ba aiki, cokalin gininsa har ya fara tsatsa a bayan ƙofa. Tun da ya ji Baba Kansila na cikin masu ja da aikin ya ɗauke ƙafa daga gidan, shi da a da ba ya shiga nasa gidan sai ya leƙa ya ce Baba an wuni lafiya. Da na zagaya ɗauko mayafi na tarar yana ɗaure takalmi. Shi da abokan aikinsa za su majalisa su nuna goyon baya. Na gaya masa tsohon ma za shi.

"Ruwan da ake tsoro bai zo ba," ya ce, bai ɗago ba. "Yunwa kuwa tana tsakar gidan nan. Ke ma kin zaɓi ɓangare ke nan?"

Na ce ni ƙafar tsoho nake gasawa, ba ni da ƙuri'a. Ya fice bai ce min sai na dawo ba. Gaskiyar magana, ban san abin da nake so ba. Ina tsoron ruwa ya shigo ya sami yarana a kwance, ina kuma tsoron tukunyar da ba a ɗora ba. Kuma ina ƙaunar tsohon nan, wanda ko sau ɗaya bai taɓa wuce yarana bai tsokane su ba.

A mota ni da Auta muka sa shi a tsakiya, kansa a kafaɗarta. Kowane rami Dogon Tasha ya faɗa sai na ji numfashin tsohon ya sarƙe, in riƙe nawa har nasa ya dawo. Mun taho da kujerar roba daga gida saboda kada ya tsaya.

Harabar majalisa cike take. Magina da lebura a gefe ɗaya, tare da mata masu zaman haya da ke sa ran samun ɗaki a sababbin gidajen. Mutanen layinmu a ɗaya gefen. Kowa da gaskiyarsa, shi ya sa abin ya yi zafi. Da aka ga wanda muka fito da shi daga mota hayaniyar ta lafa, sai wata murya daga baya da ta ce ko gawa ce ma sai sun kawo ta ta ɗaga hannu. Auta ta juya za ta mayar, na riƙe mata hannu.

A bakin ƙofa maigadi ya tare mu, yana magana yana kallon ƙasa. Wai an mayar da zaman saman bene, hawa na biyu, saboda ana fenti a zauren ƙasa. Na leƙa zauren. Bokitin fenti ɗaya ne a tsakiya, ko buɗe shi ba a yi ba, mai fenti kuwa ban ga ko inuwarsa ba. Ruwa ba ya tsami banza. Shugaban majalisa ya san wanda ba zai iya hawa bene ba.

Mai Kemis ta yi tsaki ta ce bari ta hau ta ja su da magana. Dogon Tasha ya dubi matakalar ya dubi tsohon. Ya gwada ɗaga shi da kujerar, ashe tsawon ne kawai, bai ko motsa shi ba. Daga sama aka fara kiran sunaye, kuma shi ma in ba a same shi a kujerarsa ba an rasa mutum biyu ke nan. Baba Kansila ya yi masa alama da hannu ya tafi. Ya haye da gudu yana waiwaye.

Muka rage mu uku a gindin bene. Maigadi ya ce shi ba a yarda ya bar ƙofa ba. Mazan layinmu da suka zo yawancinsu dattawa ne, kuma an tsayar da su can bakin harabar. Tsohon ya kama ƙarfen matakala ya miƙe. Ya taka ta farko, ya taka ta biyu, gwiwarsa ta saki. Muka tare shi muka mayar kan kujera, leɓɓansa sun yi fari, gumi na zuba daga ƙarƙashin hularsa. Ina jin muryar magatakarda a sama yana kira ana amsawa.

Sai na ga Magini. Ya ratso cikin abokansa har ya iso bakin ƙofa, ya tsaya hannuwansa a aljihu. Baba Kansila ya ɗago ido da ƙyar.

"Magini, ka zo?"

"Na zo, Baba."

"Ka san abin da zan yi a sama?"

"Na sani."

"To," in ji tsohon, ya lumshe ido.

Auta ba ta roƙe shi ba, ta kawar da kai. Ni ma ban roƙe shi ba, don na san mijina, in ka tura shi gabas yamma zai yi. Ya tsaya yana kallon matakalar, yadda yake kallon duk ginin da ba shi ya yi ba. Can ya ce kujera ba za ta juya a kwanar nan ba, an matse ta da yawa. Ya wuce maigadi kamar bai gan shi ba, ya zo gaban tsohon ya juya masa baya ya tsuguna.

"Hau, Baba."

Muka ɗora shi, muka zagayo da hannuwansa wuyan Magini. Daga waje wani abokin aikinsa ya ɗaga murya ya ce abincinsu yake ɗauka zai kai a zubar. Wani ya kira shi da sunan da ba zan maimaita ba. Bai waiwaya ba. Ya fara hawa a hankali, ni da Auta a baya hannuwanmu a buɗe ko za su zamo.

A kwanar farko tsohon ya ce masa a kunne, amma mun ji, "Yi a hankali, ba buhun siminti ka ɗauko ba."

"Siminti ya fi ka nauyi, Baba," in ji Magini yana haki. "Kuma shi ba ya surutu."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin tsohon. Na ɗauka tari ne, ashe dariya ce.

Da muka shiga zauren sama, Mai Kemis na tsaye tana ta jan wata magana kan tsarin zama wadda ita kanta ban jin ta san ƙarshenta ba. Tana ganinmu ta zauna. Shugaba ya kalli Magini ya kalli kayan da ke bayansa, ya cire tabarau ya mayar. An riga an kira sunan Baba Kansila an wuce, amma ba a rufe ba, kuma babu wanda ya iya buɗe baki ya ce a fitar da shi. Magini ya sauke shi a kujerarsa, ya gyara masa hula, ya koma jikin bango ya tsaya.

Aka karanta ƙalubalen, aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi nan da can. Na tsohon ya taso daga kan tebur, ya kai kafaɗa, ya tsaya yana rawa. Wani kansila daga ɗaya ɓangaren ya ce shi bai ga an ɗaga ba. Auta ta zabura za ta kama masa, Mai Kemis ta harare ta ta girgiza kai, don in wani ya ɗaga masa za a ce ba nasa ba ne. Baba Kansila ya kawo hannunsa na hagu ya tallafi gwiwar hannun damansa, ya tura sama, ya tura, har ya miƙe. Magatakarda ya ƙirga da shi. Shugaba ya ce an dakatar da aikin sai kwamiti ya sake dubawa, ya faɗa da sauri kamar mai tofar da ƙashi.

Magini ne ya sauko da shi. A harabar abokansa suka dare suka ba shi hanya, babu wanda ya kalle shi. Yaron ɗan kwangila ya biyo mu har mota ya ce masa, ko an ci gaba da aikin kada ya wahalar da kansa zuwa. A hanyar gida tsohon ya buɗe ido ya nemi Magini, wanda ke zaune a gaba.

"Na cire maka abinci a baki," ya ce.

"Ka yi naka, Baba," in ji Magini. Bai ce ba komai ba, don da komai.

Washegari da hantsi Baba Kansila ya cika, Auta na riƙe da kansa, ni ina daga ƙafafu. Ba wata wahala, numfashi ne ya fita bai dawo ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina. Har yau kwamitin bai gama zamansa ba, kwarin yana nan yadda yake, Magini kuma yana bin ƙananan gyare-gyare a wasu unguwanni, in an samu.

Kwana biyu bayan rasuwar ina taya Auta tattara kayan ɗakin, sai ta tsinci takalminsa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado. Muka duba ko'ina ba mu ga ɗayan ba. Ta ce ai kuwa ta tuna, da ƙafa ɗaya ba takalmi aka shigo da shi ranar. Magini na tsakar gida yana ninke tabarmin 'yan gaisuwa. Ya jingine tabarmar ya fita.

Sai da rana ta yi sanyi ya dawo, a ƙasa, ƙura har gwiwa. A bayan matakalar majalisa ya samo shi, inda mai shara ya tura shi. Ya tsuguna a bakin ɗakin, ya goge takalmin da hannun rigarsa, ya ajiye shi kusa da ɗan'uwansa, ya daidaita su suna fuskantar ƙofa.