Tsagewar Bangon Gwaggo

Dakta ya daɗe yana koyar da nazarin ƙasa da yawon buɗe ido a jami'a, kuma duk sunan da ya yi, a kan magana ɗaya ya yi shi: tsohon gida dukiyar ƙasa ne, bai kamata siminti ya kusance shi ba. Ya faɗa a aji, ya rubuta a mujalla, har an taɓa tafa masa a wani otal mai sanyi.

A ƙarshen zango ya umarci ɗalibansa su tsara hanyar da za a bi da baƙi cikin tsohon gari, shi kuma ya biyo su da jan biro. Shugabar ajin ta shige gaba. Da suka wuce shagon mai gyaran rediyo, suka karya kwana wajen famfon da ba ya kawo ruwa, sai gumi ya fara tsattsafo wa Dakta. A lungun nan ya koyi tafiya. Ya sauko da hularsa, ya laɓe bayan dogayen ɗalibai, yana fatan a wuce.

Ba a wuce ba. Shugabar ta ja birki daidai ƙofar gidan da aka haife shi, inda ƙanwar mahaifinsa ke zaune har yanzu, tana jiran maginin da Dakta ya sha yin alkawarin turowa.

"Ku dubi wannan tsagewar bango," in ji shugabar. "Malaminmu ya koya mana cewa duk wanda ya liƙe irinta ya cuci tarihi."

Labule ya motsa. Gwaggo ta fito riƙe da bokitin tarar yoyo, ta dubi bangon, ta dubi yarinyar.

"'Yar nan, wane ne malamin naku? Ina so in gode masa. Duk damina a kan katifata tarihin nan yake ɗiga."

Yatsu suka nuna baya, dogaye suka dare. Sai ga Dakta a fili. Ya yi shawarar gaishe ta kamar baƙo, amma gwiwoyinsa, da yake ba su yi digiri ba, sun riga sun durƙusa.

"Gwaggo, ina wuni?"

"Au, Kunnuwa, kai ne? Ni ina ta cewa mantuwa ce, ashe ilimi ne."

"Ai bincike ne, Gwaggo..."

"To shigo ka binciki ɗakin baya, can ma ya wangame baki. Ku ma ku shigo, jikokina, kallo kyauta ne."

Ya karɓi bokitin ya shiga, ɗalibai na biye suna ɗaukar hoto, wasunsu na gwada sabon sunan a hankali.

Washegari da sassafe ya turo magini. Maƙalar hana taɓa tsofaffin gidaje da zai gabatar a wani taro kuwa, bai sauya mata ko waƙafi ba, tunda Gwaggo ba ta zuwa taro.