Jingina da Iska

Shekara ashirin da bakwai Manbir Kulung ya yi yana dako a hanyar Mera, bai taɓa taka ƙolin dutsen ba. Ba shi kaɗai ba ne. Mu mutanen Cheskam haka muke: mu kai wa baƙi tanti da tukwane har sansanin ƙarshe, mu dire, mu juyo ƙasa kafin sanyi ya cinye mana yatsu, su kuma su hau su ɗauki hoto. Wannan bai taɓa damun Manbir ba. Yana da namlo ɗinsa, madaurin nan da ɗan dako ke ratayawa a goshi kayan na bayansa, yana da sandarsa, kuma duk masu masauki daga Kote zuwa Khare sun san yadda yake son shayinsa.

Sai wuyansa ya ci amanarsa. Tun bara hannunsa na hagu ke mutuwa in ya ɗauki kaya, har wata rana kofi ya suɓuce masa a gaban mutane. Likita a Salleri ya ɗaga hoton ƙashin a bakin taga, ya ce masa in ya sake ɗora namlo a goshi, akwai ranar da zai dire kaya ya kasa miƙewa. Manbir ya koma gida ya yi wata huɗu yana zagaye gonar dankali yana tsaki, har matarsa ta ce in bai nemi abin yi ba, ita za ta nemi wurin zuwa.

Ƙofa ɗaya ta rage masa a dutse, ya zama mataimakin jagora. Su ba sa ɗaukar kaya a goshi, 'yar jaka ce a kafaɗa da igiya. Ya je ya sami Yangdu Sherpa, wadda ke jagorantar baƙi zuwa ƙoli, wadda kuma ya sani tun tana wanke tukwane a masaukin gwaggonta.

"Yaya Manbir," in ji ta, "ina ganin girmanka, amma a nan ba alfarma. Ka hau Mera har ƙoli, ka sauko a kan igiya da kanka, ba wanda ya zura ka. In ka yi, na sa sunanka a tafiyar kaka. In ba ka yi ba, ka koma ga dankalinka."

"Na ji, ƙanwata."

Kwana uku ta yi tana koya masa a Khare. Ya iya ɗaura haƙoran ƙarfe a ƙasan takalmi, ya iya ƙullin igiya a ɗamarar ƙugu, ya iya riƙe gatarin ƙanƙara. Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana ɗaure kaya, ƙulli ba zai ba shi wuya ba. Saukowa ce kawai bai yi da kyau ba. Gangaren da ake gwaji a kai ba shi da tsayi, sai ya riƙa lallaɓowa yana duƙe, Yangdu tana kallo.

Ranar hawan, rana ta fito ta same su sun yi nisa a kan dusar ƙanƙara, su uku a igiya ɗaya. Yangdu a gaba, Manbir a tsakiya, a baya kuma Jitman Tamang, wanda ya shekara shida yana mataimakin jagora, mutum ne da bakinsa ba ya daskarewa ko a ina.

"Tsoho," ya ce daga baya, "buɗe ƙafa. Haƙoran nan za su yaga maka wando, kuma na san shi kenan gare ka."

Manbir ba shi da numfashin ɓatarwa. A nan sama iska ba ta cika ƙirji. Ka ja, ka sake ja, ka ji kamar ta ramin allura take shigowa. Taku goma ya tsaya, taku goma ya tsaya. Kansa na sara, yatsun hannun hagun nan sun fara yi masa tsami. Amma hawan tudu sana'arsa ce. Ya sunkuyar da kai, ya zuba wa dugadugan Yangdu ido, ya ci gaba da ɗaga ƙafa.

Can wajen hantsi suka iso gindin bangon ƙarshe. Ƙanƙara ce tsaye, tsawon kamar gida mai hawa goma, da igiya a kafe daga sama. Manbir ya maƙala ƙarfen hawa a igiyar, ya tura shi sama, ya caka haƙoran takalmi, ya ja jiki. Ko Jitman bai sami abin tsokana ba. Hawa ai duƙawa gaba ne, kuma duk ƙasar nan ba wanda zai koya wa ɗan Kulung duƙawa gaba.

A sama, Yangdu ta tsaya taku biyu kafin ainihin ƙolin, kamar yadda aka saba, don ba a taka kan masu wurin, iskokin dutsen. Ta ɗaura tutocin addu'a a jikin gatarinta, ta watsa ɗan garin sha'ir a iska. Manbir ya juya kudu yana neman Cheskam. Bai gan shi ba, gajimare ya rufe kwarin, kuma gajimaren tahowa yake. Ya ji daɗi, ba zan ɓoye ba, amma daɗin bai zauna ba. Ya san rabin sharaɗin kawai ya cika.

Jitman ya fara sauka. Ya zura igiya a ƙarfen saukowa, wanda suke kira takwas saboda siffarsa, ya juya wa kwari baya, ya kwanta a kan iska kamar mai hutawa a kujera, ya sulale ƙasa yana fito.

"Saura kai," in ji Yangdu. Ta duba ƙullinsa sau biyu. "Juya baya. Buɗe ƙafa. Hannun dama a igiya ta ƙasa, kada ka sake shi ko me ya faru. To, jingina."

Manbir ya tsaya a bakin bangon, dugadugansa a waje. Ya ce wa jikinsa ya jingina. Jikin ya duƙa gaba.

"Baya, Yaya. Baya."

Ya sake gwadawa. Da ya ji nauyinsa ya fara tafiya baya, sai wuya ya sunkuya, gwiwa ta lanƙwashe, ƙirji ya nufi ƙanƙara. Haƙoran takalminsa suka kuɓuce, ya bugi bango da gwiwa, ya rarrafo ya dawo sama yana haki. Kada wani ya ce tsoro ne kawai. Shekara ashirin da bakwai kaya na jansa baya yana turawa gaba, don ɗan dakon da ya bar kaya suka rinjaye shi baya a bakin kwari, gawarsa ake ɗaukowa. Manbir ya ɗauko biyu da hannunsa. Yanzu a ce masa cikin kwana uku ya manta.

Daga ƙasa muryar Jitman ta taso. "Tsoho, in kwana za ka yi a can, faɗa mini in aiko maka da bargo."

Sau huɗu ya gwada. Yangdu ta dubi gajimare, ta dube shi.

"Zan iya zura ka ƙasa," ta ce a hankali. "Ba abin kunya ba ne, baƙi nawa na zura. Amma ka san abin da muka yi da kai."

Ya sani. Ya tuna kansa a bakin gona, tsoho tun kafin tsufa, 'yan dako na wucewa suna gaishe shi. Haushi ya kama shi, haushin jikin nan da ya bauta masa a ƙarƙashin kaya, yau kuma ya ƙi jin magana ɗaya.

"Ba ni jakarki," ya ce.

"Me?"

"Jakarki. Da igiyar nan ta biyu. Ɗora mini a kan tawa."

"Wuyanka fa?"

"A kafaɗa zan ɗauka. Likita goshi ya hana."

Ta ɗaure masa su. Da nauyin ya zauna masa a baya, sai ya ji ya dawo mutumin da ya sani. Ya koma bakin bango. Wannan karon ba sai ya jingina ba, kayan ne suka ja shi, shi dai kawai ya daure bai yi musu gardama ba. Ƙafafunsa suka miƙe, haƙoran suka kama ƙanƙara sosai. Ya saki igiya kaɗan, ya taka. Ya sake saki, ya taka. Bai san sa'ad da ya iso ba sai da Jitman ya dafa shi.

"Kai, ɗan dako dai ɗan dako ne. An ce ka sauko, ka sauko da kayan mutane."

Yangdu ta sauko bayansa. Ta kwance jakarta daga bayansa, ta rataya, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Wannan ba ta shiga ba," ta ce.

Jitman ya daina dariya. "Haba, Yaya Yangdu. Da ƙafarsa ya sauko, ina kallo. Kuma ina kika taɓa ganin mataimakin jagora ba jaka a baya?"

"Ranar da baƙo ya faɗa ramin ƙanƙara," in ji ta. "Ran nan ba jaka za ka sauka, don bayanka na mutumin ne. In Yaya Manbir ne kaɗai a bakin ramin, sai ya tsaya neman wanda zai ara masa kaya?" Ta juyo gare shi. "Gajimaren nan zai ba mu awa ɗaya, watakila bai kai ba. In za ka sake hawa, zan hau tare da kai. In ba za ka iya ba, mu tafi, ba wanda zai zarge ka."

Manbir ya ji kamar ya zage ta. Yarinyar da ya taɓa goyawa ya haye da ita rafin Inkhu. Amma ya san gaskiya ta faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai. Ya cire tasa jakar, ya miƙa wa Jitman, ya maƙala ƙarfen hawa.

Hawa na biyu bai yi kama da na farko ba. Ƙafafu sun zama na aro. Ya tura ƙarfe, ya tsaya ya ja numfashi biyar, ya ɗaga ƙafa ɗaya. A tsakiyar bango ya yi amai, ya goge baki da hannun riga, ya ci gaba. Hannun hagu ya mutu gaba ɗaya, sai ya riƙa turawa da dama. Iska ta fara watsa musu dusa a fuska. Yangdu na bayansa kaɗan, ba ta ce masa sannu ba, shi ma bai nema ba.

A sama ya zura igiya a takwas da kansa. Ya juya baya, bayan nan fayau, ba komai a kai. Ya tsaya. Ɗamarar ta ɗan ja shi a ƙugu, igiyar ta miƙe zuwa ƙarfen da aka kafa a ƙanƙara. Ya bi igiyar da kallo, sai wani abu ya faɗo masa.

Ya taɓa goya wani baƙo da ciwon dutse, na ƙarancin iskar nan, ya kayar, a cikin kwando, daga Khare har Tangnag. Mutumin ya ƙi zama. Sai ya riƙa duƙowa gaba yana cafke masa kai, duk taku sai sun yi tangal-tangal, saura kaɗan su tafi kwari su biyu. Ran nan Manbir ya yi ta roƙonsa da hannu, don ba su jin yaren juna: zauna, saki jikinka, bar mini nauyin. Ba abin da ɗan dako ya tsana kamar kayan da ke son taya shi.

Ashe yau shi ne a kwandon.

"Kana magana?" in ji Yangdu.

"Da kaya nake," ya ce.

Ya miƙe gwiwa, ya saki ƙugu, ya bar wa igiya nauyinsa. Wuya ya so ya sunkuya, ya ɗaga haɓa da ƙarfi har ya ji zafin ya sauka masa a kafaɗa. Sama ta buɗe a gaban idonsa, shuɗiya mai duhu, gajimare na cin gefenta. Igiya ta riƙe. Ya saki kaɗan, ya taka baya. Ya sake takawa. Bai yi sauri ba, bai kuma yi kyan gani ba, amma ko sau ɗaya gwiwarsa ba ta taɓa bango ba.

A ƙasa ya zauna daɓas a kan dusa. Jitman ya miƙa masa ruwan zafi.

Yangdu ta iso tana kwance takwas ɗinta. "Mako biyu kafin bikin Dasain," ta ce, "baƙi shida. Ka zo Lukla da wuri. Kuma ka nemi wani wandon."

Manbir ya gyaɗa kai kawai. Ya miƙe, ya ɗaura igiya a ɗamara, ya koma tsakiya inda ya taho.

"Ina za ka?" in ji ta. "Wuce gaba. Kai za ka kai mu sansani, ina so in ga yadda kake karanta ramuka."

Ya wuce gaba. Ba kowa tsakaninsa da kwarin, sai sawun da suka bari da safe, iska ta fara cike shi. Idonsa ya kawo ruwa, ruwan ya daskare a gefen tabarau, ya cire safar hannu ya kankare.

"Tsoho, gajimare fa," in ji Jitman daga baya.

Manbir ya caka gatari a dusa, ya gwada ƙarfinta, ya fara takawa.