Maudu'in Tsohuwar Firinta

Kujerar da Dogo ya jefa ta sami Gwani a kafaɗa kafin ya juyo. Ya kife kan teburin ɗakin kwamfutoci, allon kwamfuta ya faɗo ya tarwatse, ɗalibai suka yi waje.

"Ɓarawo!" in ji Dogo. "Kana ɗan baffana, ɗakinmu ɗaya, ni za ka yi wa haka?"

Wata uku Dogo na neman maudu'in furojet ɗinsa na gama jami'a. Huɗu ya kai, Dakta mai duba aikinsu ya watsar. Sai ya kutsa cikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tuƙa kwamfuta, irin wadda kowa ke da damar buɗewa ya gyara. Can ya gano cewa da an jona wata tsohuwar firinta, sai komai ya sandare. Ƙa'idar masu wannan aiki, babu ɓoye-ɓoye. Sai ka rubuta a zaurensu na intanet, ka tambaya ko wani ya riga ka. Ya rubuta. Gwani ya karanta, ya kwafe, ya kai wa Dakta da sassafe. Yau sha biyu ake rufe karɓa. Wanda bai da maudu'i, sai baɗi.

Gwani ya miƙe yana tofar da jini. "Kai ka shanya shi a fili! Ba ku kuka ce kayan kowa ne ba?"

"Gyaran ne na kowa, ɗan iska, ba gumina ba!"

Gwani ya fizgi wayar wuta ya naɗe masa wuya. Idon Dogo ya firfito. Ya tattara ƙarfi ya kai masa karo a hanci, suka zube tare. Da ya tashi, ya ɗora takalmi kan hannun daman Gwani ya murza. Aka ji ƙas. Gwani ya kurma ihu.

Dakta ya shigo da maigadi. Ya dubi allon, ya dubi jinin.

"Wa ya gano matsalar?"

"Ni, ranka ya daɗe," in ji Dogo yana haki.

"Ka san gyaranta?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Ni na sani," in ji Gwani daga ƙasa, yana riƙe da hannu. "Jiya na gano inda take."

Dakta ya zaro biro. "Dama aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ko in rubuta sunayenku tare, ko in miƙa ku kwamitin kora. Ku zaɓa, saura minti goma."

Dakta bai jira amsarsu ba, ya rubuta su tare.

A asibiti likita ya ce yatsu uku ne suka karye, sai an yi sati shida a ɗaure. Dogo ya zauna bakin gadon, wuyansa duk shatar waya, kwamfuta a kan cinya.

"Ba nan ba, jaki," in ji Gwani. "Sauka ƙasa. Goge wancan layin."

Dogo ya ciji leɓe, ya daɗe yana kallon ɗaurarren hannun. Sannan ya goge.